Hancin Da Babba Ya Bari

Wata huɗu cur ke nan rabon da wani mahaluki a Kunduru ya ga hancin Malam Dauda.

Mutumin da ko hula sai ranar Juma'a take ganin kansa, malamin gona guda mai yawo a kan babur, wai shi ne yau da rawani. Ya ja amawali ya rufe tun daga ƙarƙashin ido har haɓa, sai ka ce Buzun da ya ɓato hanya. Da fari dariya aka yi, aka ce kuɗin Udoji ne, ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata, suka hau masa kai, sarauta yake nema. Da wata ya mutu wani ya tsaya rawani bai sauka ba, sai dariya ta koma raɗa. Raɗa kuwa a ƙasar Kankiya ba ta jiran mota.

Fadimatu ce sila, ko da yake baiwar Allah ba ta sani ba. Ɗiyar Jaji ce, Bafulatanin da rugarsa ke bayan Yashe, ta wajen Kusada. Shekara biyu Dauda yana nemanta, ita ma tana son sa so na tsakani da Allah. Jaji dai bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ranar da Dauda ya kai gaisuwa ta uku, Kaka, mahaifiyar Jaji, ta leƙo daga bukka ta kare ido da tafin hannu.

"Wanga ne mijin namu? Da hanci kamar an zauna a kan dawo? Koma ka sake shi, Kaɗo, sannan mu yi magana!"

Wasan kaka ne da mai neman jika, ko yaron goye ya san haka. Amma sai Bubayero ya ɗora. Shi ɗan ƙanen Jaji ne, dogo fari, hanci har baka, kuma shi ma da Fadimatu yake kwana yake tashi a ransa.

"Jikokin Baffa da hancin Haɓe? Ai ko shanun gidan ba za su gane su ba."

Jaji bai tsawata masa ba. Murmushi ya yi, ya sunkuyar da kai. Wannan murmushin shi ya kai Dauda Kano.

A can ya sami wani mai farar riga a saman wani bene, wanda ya ce a ƙasar waje ya koyo gyaran fuska. Ya tsaga, ya cusa wata 'yar roba, ya ɗinke. Mako biyu hanci ya tsaya ƙyam. Don murna, a ɗakin da ya sauka Dauda ya tara hotunansa duka uku, har da na takardar aiki, ya ƙyasta musu ashana. Mako na uku sai kumburi, sai mugunya, sai zazzaɓi mai kaɗa haƙora. Ya koma benen ya tarar da kwaɗo a ƙofa, aka ce ai mutumin ya tashi. A babban asibiti a Zariya aka ciro robar, ta fito da abin da ta ruɓar. Karan hancin ya lotsa daga tsakiya, ƙofa ɗaya ta tsuke, in ya ja numfashi sai wani siririn fito ya biyo. Garin gyaran gira an rasa ido.

Kuma da hancin nasa ne shi kaɗai, da da sauƙi.

Na Babba ne, mahaifinsa, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. In Dauda ya ratsa kasuwa tsofaffi kan ce, "Allahu Akbar, Babba bai mutu ba!" Yanzu in ya rufe ido ya nemo fuskar uban, goshi yana zuwa, gemu yana zuwa, tsakiyar kuwa wayam. Sau biyu da rana tsaka yana hango wani mai tsayin Babba tsaye a ƙarshen gonarsu, ya ba shi baya, in ya matsa sai ya tarar da kututturen kalgo. Salla ma ba ta bar shi ya manta ba. In ya kai goshi ƙasa, hancin ba ya isa tabarma, sau biyar a yini.

Sai kuma Inna Kubura, mahaifiyarsa.

Maginiyar tukwane ce, ido ya tafi tun kafin rasuwar mijinta, amma hannu bai tafi ba. Har gobe randar da ta gina ta fi ta masu ido zama daidai. Tun da aka binne Babba ta ɗauki wata al'ada: kullum da safe in Dauda ya durƙusa gaisuwa, sai ta goge hannu a zane, ta shafo fuskarsa daga goshi, ta tsaya a kan hanci. Ta ɗan jima a nan, sannan ta ce, "Allah ya yi albarka, Auta. Tashi."

Wata huɗu ke nan daga bakin ƙofa yake gaishe ta.

"Mura ce, Inna, kada in shafa miki."

"Wagga mura taka ta fi damina daɗewa," ta ce da shi wata safiya, hannunta a miƙe cikin iska. Ya yi kamar bai gani ba, ya fita ya tada babur da ƙarfi don kada ya ji sauran.

* * *

Ranar kasuwar Kankiya, bayan azahar, ya tarar da Fadimatu a gindin tsamiyar da suka saba haɗuwa, a kan hanyar Kusada. 'Yan'uwanta masu tallan nono sun yi gaba suna jiran ta daga nesa. Tana zaune, ƙwaryarta a gabanta.

Bai gama kafe babur ba ta ɗage faifai.

"Duba, Malam."

Ƙwarya cike fal, man shanu na yawo a kai. Ko ludayi ɗaya ba a ɗiba ba.

"Kasuwa ta uku ke nan," ta ce. "Ni da nake saida nonona kafin rana ta take. Yau wata mata ta fizge hannun ɗanta daga gabana, ta ce kada ya sha na matar kuturu."

Ya zauna a kan saiwar tsamiya.

"Kuturu?"

"Bubayero ya ce ya ga iska ta ɗage rawaninka a kan hanyar Ƙofa. Ya ce hancinka ya faɗa ciki, irin na masu babbar cuta. Ya faɗa a ruga, ya faɗa a kara, ya faɗa wa mahauta. Malam, don girman Allah, gaskiya ne?"

"Wallahi ba kuturta ba ce."

"To mi ne ne? Wata huɗu ina zance da ƙyalle! Ka ce mini haƙori ne, na yarda. Ka ce mini sanyin babur ne, na yarda. Ni ba yarinya ba ce. Buɗe in gani."

Ya kai hannu ga amawalin, hannun ya ƙi. Sai kawai ya sunkuya, ya ba ta labarin daga murmushin Jaji har kwaɗon da ya tarar a ƙofar bene. Yana magana fiton na bin kowace kalma, siriri, kamar akwai wani na uku a gindin tsamiyar yana saurare.

Da ya gama ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Hawaye ne kawai suke sauka suna ɗiga a kan faifai.

"Wa ya aike ka?" ta ce a hankali. "Ni na ce maka ina son dogon hanci? Da dogon hanci nake so, ai ga shi nan a gidanmu, kullum yana bi na har rijiya. Ran da na fara ganin ka kana yi wa mutanen Yashe bayanin taki, kana dariya hancin nan yana buɗewa, ran nan na koma gida na kasa cin tuwo. Shi ka je ka ba wani ƙato ya yanka?"

"Fadimatu, ki yafe mini."

"Ba ya gyaruwa?"

"Likitan Zariya ya ce hanya uku ce. Ko in bar shi haka, in yi ta fama da numfashi. Ko a ɗebo guringuntsi a bayan kunnena a ɗan tallafe shi, ya ce amma ramin ya yi zurfi, da ƙyar ya isa. Ko kuma a tsaga ƙirjina a yanko daga haƙarƙari a gina sabo. Ita ce mai wuya, ita ce kuma mai ƙarko. Amma ya rantse ba zai taɓa ni ba sai ciwon ya shekara, naman ya huce. Ya ce mai gaggawa shi ke komawa sau uku."

"Shekara," ta maimaita. Ta share ido da gefen mayafi. "Kwana takwas ya rage mu tashi, Malam. An gama cin karan gonaki, shanu za su yi kudu. Baffa ya ce ba zai yi mini dole ba, bai taɓa yi wa ɗiyarsa ba. Amma ya ce ko zan mutu a gabansa ba zai ba kuturu ni ba. Ya ce gobe da hantsi ka zo, ka zo da Inna, don an ce cutar gado ce, bakinta yake son ji. Ka buɗe fuska a gaban kowa. In ba ka zo ba, magana ta mutu."

"Da Inna?" Ya miƙe zumbur. "A'a. Ban da Inna."

"Don mi?"

"Ba ki gane ba. Ita ba ta da hoto, ba ta da ido. Abin da ya rage mata na Babanmu a duniyar nan, a fuskata yake. Kullum nan take zuwa ta gaishe shi. In ce mata na kai shi Kano na sayar da shi don wani ya yi murmushi? Gara a ce mini kuturu. Kuturu jarrabawar Allah ce ta same shi, tausayinsa ake ji. Ni fa?"

Fadimatu ta rufe ƙwaryarta, ta naɗa gammo, ta ɗora a ka ba tare da ta nemi ya kama mata ba.

"To zaɓi ya rage naka. In ka zauna a kuturu, ka tsira da sirrinka, ni ka rasa ni, ni kuma in rasa kasuwa har in tsufa. In ka faɗi gaskiya, Inna za ta yi kuka." Ta yi taku biyu ta waiwayo. "Amma ka sani, tsohuwar da ta yi wata huɗu tana miƙa hannu ba ta taɓa komai ba, ta riga ta fara kukan."

* * *

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegari da hantsi ya goyo Inna Kubura a bayan babur, tana riƙe da rigarsa, tana tambayar wace irin magana ce surukai ba za su yi da kawunnansa ba sai da makauniya. A haka suka isa.

An shimfiɗa tabarmi a gindin gawo. Jaji na zaune da sandarsa a kan cinya. Kaka na gefe. Bubayero a tsaye, ya harɗe ƙafa ya jingina da sanda, yana wani ƙasaitaccen murmushi irin na wanda ya ga abokin takararsa ya faɗa rami. Fadimatu tana bayan bukka, ba a ganin ta, amma Dauda ya san tana ji.

Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi amfanin gona. Sannan Jaji ya ce, "Malam Dauda, ba wulaƙanci na kira ka in yi maka ba. Ɗiya ce. Sauke rawanin."

Ya warware shi, naɗi ɗaya bayan ɗaya. Iska ta taɓa wurin da ta yi wata huɗu ba ta taɓa ba.

"La'ilaha illallahu!" Kaka ta dafe ƙirji.

"Na faɗa muku!" Bubayero ya buga sanda a ƙasa. "Baffa, ka gani da idonka. Hancin kutare ne, ko a bakin kasuwar Kusada ka ga irinsa."

"Rufe mini baki," in ji Jaji.

Ya taso da kansa. Ya kama hannayen Dauda ya juya su, ya ƙirga yatsu, ya duba gira, ya sa shi ya tuɓe riga ya dubi bayansa ko akwai tabo mai ja. Sannan ya karyo ƙayar aduwa. Fulani sun ce mai wannan cuta ba ya jin tsini. Ya soka masa a yatsa, ya soka a damtse, ya soka a gefen hancin. Dauda ya zabura, ƙwalla ta zubo.

"Yana ji," Jaji ya faɗa, kamar da kansa yake. Ya juya wajen tsohuwa. "Inna, ki gafarce ni. Tsakaninki da Allah, a danginku ko na marigayi, an taɓa yin mai babbar cuta?"

Inna Kubura tun ɗazu kanta ke juyawa daga wannan murya zuwa waccan.

"Babbar cuta? A gidanmu? Ko kusa." Ta juyo da kai tana neman ɗanta. "Wai hancin wa ake ta faɗa? Auta, kana ina? Mi ya sami hancinka?"

Ta goge hannu a zane. Ta miƙa shi.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Dauda ya gode mata. Ya dubi babur, ya dubi bukkar da Fadimatu ke bayanta. Sai ya ja gwiwa ya matsa, ya kai fuskarsa inda hannun yake.

Yatsun suka sauka a goshi. Suka bi gira. Suka gangaro inda suka saba hawa tudu, suka faɗa rami.

Suka tsaya.

Suka koma goshi suka sake gangarowa, a hankali, kamar mai neman allura a cikin tabarma. Har sau uku. Ruga ta yi tsit, ba ka jin komai sai fiton nan siriri yana fita ta tsakanin yatsunta.

"Auta," ta ce da wata murya da bai san ta da ita ba. "Ina ka kai shi?"

Nan ya faɗi komai, a gaban Jaji, a gaban Bubayero, a gaban matan da suka leƙo ta bayan shinge. Bai rage ba, bai ɗora wa kowa ba. Kaka ta fashe da kuka tana tafa hannu.

"Wayyo ni! Wasa nake, ɗan nan! Wa ya taɓa jin an ɗauki maganar kaka an kai asibiti? Da ban so ka ba, ai ko kallonka ba zan yi ba!"

Bubayero ya tuntsire da dariya. "To, Baffa, ba kuturu ba ne, mahaukaci ne. Wanne ya fi?"

Jaji ya daɗe yana zane a ƙasa da ƙayar da ke hannunsa.

"Na yi murmushi ran nan," ya ce daga bisani. "Na tuna. Ban kyauta ba, kai ma ba ka kyauta ba. Na yarda ba cuta ba ce. Amma masu sayen nono ba za su bi ka da ƙaya suna gwadawa ba, fuska za su duba. Ba zan aurar da ɗiyata inda ƙwaryarta za ta riƙa dawowa cike ba. Ka ce likita ya ce shekara?"

"Shekara, Baffa."

"Za mu tafi, ba za mu dawo ba sai an yi girbin baɗi. Ba zan ɗaura mata aure da kowa a can ba, na yi alkawari, ko da wani zai haɗiye zuciya." Ya harari Bubayero. "In na dawo na tarar da fuskar da za ta shiga kasuwa, na ba ka. In ban tarar ba, kada ka ƙara tako rugata."

"Baffa, a tambaye shi mana," in ji Bubayero, bai daddara ba. "Wane iri za a gina masa wannan karon? In nawa yake so, in ba shi aro ya kai musu su gwada."

Maganar ta soki Dauda fiye da ƙayar, domin likitan ma abin da ya ce ke nan: ka zo mini da hotonka na da, in san abin da nake nema. Hotuna kuwa sun zama toka a Kano.

A hanyar komawa Inna Kubura ba ta riƙe rigarsa ba, ƙarfen bayan babur ta riƙe.

* * *

Kwana shida ba ta yi masa magana ba. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. In ya gaishe ta sai ta ɗaga kai kawai. Daga ta idar da sallar asuba sai ta shige rumfar da take gini a bayan ɗaki, ta ja asabari, ba ta fitowa sai salla. Abin mamaki, ko tukunya ɗaya ba ta fito daga rumfar ba.

Ranar da za a tashi, da sassafe, aka yi sallama a ƙofar gida. Fadimatu ce, da ƙaramar ƙwarya a hannu, ƙafafunta duk raɓa. Ta ce ta roƙi Baffa ya bar ta ta kawo wa Inna nonon ban kwana, 'yan rakiyarta na jira a bakin hanya.

Dauda ba rawani a kansa. Karo na farko ke nan da ta ga hancin ido da ido tun da ya lalace. Ta dube shi sosai, ba ta kau da kai ba, idonta ne kawai ya cika da ƙwalla. Abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa.

"Wace ce?" Muryar Inna ta fito daga rumfa. "In 'yar Fulanin ce, ta shigo. Kai ma shigo."

Suka ɗage asabari.

A kan tsohuwar tabarma, a jere layi-layi, hantuna ne na yumɓu. Sun fi talatin. Wasu sun bushe sun yi fari, wasu da ɗanyensu. Kowanne da ƙofofinsa biyu, suna kallon sama kamar masu jiran a ba su numfashi. Kuma kowanne, kowanne ɗaya, a lotse yake daga tsakiya.

Inna na zaune a tsakaninsu, wani curin a tafin hannunta, idanunta farare sun kumbura.

"Na ji ka ce wa kawunka likita hoto yake so," ta ce. "Na ce ni ce hoton. Shekara talatin da ɗaya ina zaune da mai shi, shekara tara ina shafa naka. Na ce ko cikin barci na gina shi." Ta ɗaga curin. "Amma tun ran da na taɓa fuskarka a ruga, hannuna ya ƙi. In na taso shi daidai, ina kaiwa tsakiya sai babban yatsana ya danna da kansa. Na yi, na yi, na yi. Na neme shi a raina, nan ma ramin nake tararwa. Auta, ka kashe mini shi sau biyu."

Dauda ya zube a bakin rumfa ya kifa kai a gwiwa. Kuka yake irin na manya, wanda ba sauti sai kafaɗa.

Fadimatu ta ajiye ƙwaryar nono. Ta tuɓe takalmi, ta tsallake layin hantunan a hankali don kada ta taka ko ɗaya, ta durƙusa gaban tsohuwa.

"Inna, ni ban san Baba ba. Amma shekara biyu ina satar kallon na ɗanki, ko Fulani sun ce rashin kunya ne. Ke ki gina, ni in riƙe miki yatsan."

Ta tsoma hannu a kaskon ruwa, ta ɗora tafukanta a bayan na tsohuwa.

Suka fara. Yumɓu ya taso tsakanin yatsu ashirin. Da suka kai tsakiya babban yatsan Inna ya yunƙura zai danna, Fadimatu ta riƙe shi gam.

"A'a, Inna. Nan a cike yake. Gajere ne, amma a cike."

"A cike," tsohuwa ta maimaita.

"Nan kuma ya fi haka faɗi. Ƙara buɗe shi. Ƙara. Ɓangaren hagu ya ɗan fi na dama tashi, in yana dariya nan ne ke fara motsi."

"Haka ne!" in ji Inna. "Wallahi haka ne, na hagun! Yarinya, ƙara ruwa."

Daga can nesa, ta wajen hanyar Yashe, aka fara jin kukan shanu da kiran makiyaya. Wata daga cikin 'yan rakiya ta ƙwala kira daga bakin hanya. Fadimatu ba ta ɗaga kai ba sai da ta shafe gefen ƙarshe da ɗan yatsanta, sannan ta janye hannu.

Inna Kubura ta goge hannun dama a zane. Ta sauke yatsu a kan yumɓun daga sama, ta gangaro. Ba su faɗa ba. Ta tsaya a nan, ta jima, kamar yadda take jimawa kowace safiya. Sai matar da ta yi shekara arba'in kunya ba ta bar ta ta kama sunan mijinta ba ta buɗe baki.

"Babba," ta ce. "Sannu da zuwa."

Aka sake ƙwala kira daga waje. Fadimatu ta karɓi hancin daga hannun tsohuwa, ta zo gaban Dauda ta tsuguna.

"Buɗe hannu, Malam. Duka biyun."

Ta ɗora masa. Sanyi ƙalau, da nauyi kaɗan, faffaɗa, gajere, kamar dawon da aka zauna a kai.

"Wanga za ka kai wa likita. Su tsaga ƙirjin, su yanko haƙarƙarin, ka daure. In bai fito daidai ba sarai, ya dai kama hanyar nan, ni zan san yadda zan yi da Baffa da kasuwa. Amma in na dawo na tarar ka zaɓo wani ba shi ba, ko ya fi na Bubayero tsawo, ko Baffa ya ba ka ni, ba ni zuwa."

Ta sa takalmi, ta fita da gudu-gudu tana share fuska.

Ya so ya bi ta ko zuwa ƙofar gida ne, ya ga ƙurar shanun, ya ɗaga mata hannu. Ya yunƙura.

"Zauna!" Inna ta daka masa tsawa. "Ɗanye ne. Ka motsa yatsa ɗaya ya lotsa, kuma mai riƙe mini hannu ta tafi kudu."

Ya koma ya zauna. Kukan shanu ya yi ta nisa har ya ɓace, rana ta ɗago ta shigo rumfa, Dauda na nan durƙushe da tafuka biyu a buɗe, ko hawayen da ke gangarowa cikin ramin fuskarsa bai isa ya share ba.